Alayyafon da Ba a Ci

Kun ce kun karanta a makaranta, kuma abu ne mai sauƙi: a sami filin da guba ta ɓata, a shuka ganye, ganyen ya zuƙe gubar, a tuge a zubar. Wanda ya rubuta muku haka bai yi ƙarya ba. Na dai tabbata bai taɓa yini a bakin fangali yana kokawa da akuyar mutane ba. Ku gyara zama. Na yi aikin nan da hannuna a garin nan na Potiskum tun ba a haifi mafi yawanku ba, lokacin ko sunansa na boko ba mu sani ba. Wankin ƙasa muke ce masa.

Asali ni ɗan lambu ne, a fadama na tashi. Shekara biyu ko uku bayan an ba mu jihar Yobe, wani dattijo da yake sayen dashen tumatir a wurina ya tsaya wata rana yana ta kallon alayyafona, har na zaci zai taya duka fangalin ne. Istifanus sunansa, mutumin Filato. Ya koyar da aikin gona a sakandare har ya yi ritaya, ya ƙi komawa gida, ya yi zamansa a unguwar Dogo Tebo. Ba mai kiran sunansa. Baba Ticha kowa yake cewa, har manyan ma'aikata, don yawancinsu ya taɓa sa su noman kunya a gonar makaranta. Hausarsa irin ta can ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa.

Ya tambaye ni ko zan iya fitar da alayyafo irin wannan a ƙasar da ciyawa ma ta ƙi. Na ce in akwai taki da ruwa, ko a faranti zan fitar. Ya ce to saura tambaya ɗaya.

"Za ka iya noma abin da ba za ka ci ba, ba za ka sayar ba, ba za ka ba kowa ba?"

Na ce to me za a yi da shi? Ya ce ƙonawa. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Amma a shekarar injin ban-ruwana ya mutu, ina da mata da 'ya'ya uku, shi kuma ya ce zai riƙa biyana, sai na bi shi.

Filin farko da muka kama, wanda kuma muka fi daɗewa a kansa, yana bayan wata tashar manyan motoci. Masu gyaran batir sun yi shekaru a wurin. Sukan fasa tsohon batir da gatari, su tsiyayar da ruwansa a ƙasa, su kwashe darmar da ke ciki su narka ta a kasko. Da suka tashi, wani mai tireloli, Alhaji Bukar, ya sayi wurin don ya gina wa iyalinsa gida. Kafin gini ya sa aka zuba kaji da tumaki. Kajin suka fara tafiya da baya, tumakin suka riƙa tsayawa suna jingina goshi da bango har su faɗi. Alhaji ya ce aljanu ne. Ya kawo malamai sun yi sauka, ya kawo wani daga Fika ya binne ƙaho, abin bai sauya ba. Baba Ticha, wanda ya koyar da 'ya'yansa biyu, ya je ya ce masa darma ce. Ba ta ruɓewa, ruwan sama ba ya tafiya da ita, tana nan a saman ƙasa tana jiran yaro mai rarrafe ya sa hannu a baki. Alhaji ya saurara, ya ce tunda an gwada na Musulmi ba a dace ba, babu laifi a gwada na Kirista. Har muka rabu da shi ban tabbata ya bambanta aikinmu da na mai ƙahon ba.

Watan farko ba mu shuka komai ba. Inda aka riƙa narkar da darmar, ƙasar ta yi fari-fari kamar toka, ba tsiron da zai rayu a kai. Da shebur muka kankare ta muka cika duro-duro, muna yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi. Sannan muka kwaso taki daga kara, inda ake cinikin shanu, muka juya da abin da ya rage. A nan na fara sanin dokokin Baba Ticha. Fartanya da shebur da garwa duk ya shafa wa ƙotarsu jan fenti, abin da ya shiga filin nan ba ya fita zuwa wata gona. Safar hannu ta roba, takalmin ruwa har gwiwa, ƙyalle a hanci, ko da zafin bazara ne. Kayan aiki a filin ake cire su, ba a kai wa mata wanki. Ba ci, ba sha, sai ka fito ka wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ranar da ya kama ni da goro a kunci, sai da ya sa na tofar, na kuskure baki sau bakwai yana ƙirgawa, sannan ya karɓe sauran goron ya riƙa ba ni a ƙofa idan an tashi, kamar ɗan firamare.

Iri huɗu muke sawa. Alayyafo, don yana saurin tashi, sati biyar ko shida ka tuge ka sake zubawa. Rama, don saiwarta tana nutsewa. Ciyawar jema a gefe-gefe, ta riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe ta zuwa gidajen mutane. Zurma kuma a bakin shinge, saboda dabba ba ta cika son ta ba. Ba a yanka, tugewa ake yi da saiwa, domin a saiwar abin ya fi taruwa. A shanya a kan tamfol, in ya bushe a ɗaure, a-kori-kura ta kai mu daji nesa da gari. A can muke ƙonawa a cikin duro mai murfi, da wuta kaɗan-kaɗan, iska tana bayanka. Tokar a zuba a wani duron, a toshe bakinsa da siminti, a binne a ramin da Baba ya zaɓa inda ƙasar laka ce. Duk wannan wahala, abin da ganye yake ɗauka a zubi ɗaya ɗan mitsitsi ne. Baba bai taɓa ɓoye min ba. Yakan ce muna kwashe rijiya ne da cokalin shayi.

Sau ɗaya a shekara muke aika ƙasa gwaji. Yana da wani bututun ƙarfe da yake kafawa wuri goma, ya haɗa abin da ya fito a kwalba, a ba direba ya kai wa wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a ɗakin gwaji a Maiduguri. A shekara ta biyu takarda ta dawo tana cewa ƙasarmu ta wanku tas, babu ko ɗigon darma. Baba ya karanta ya sake karantawa, ya saya min tsire, Alhaji Bukar ya sa a fara buga bulo. Sai da ya juya bayan takardar ya ga ɗalibin ya rubuta da biro: ya aka yi ƙasar bara baƙa ce, ta bana farin yashi? Muka nemo direban. Ashe kwalbar ta fashe masa a ƙarƙashin kujera wajen Damaturu, ya tsaya ya ɗebi yashin bakin titi ya cika wata. Bai ga laifinsa ba. Ya ce ai ƙasa ƙasa ce, tasa ma ta fi tamu tsabta.

Amma duk abin da na faɗa muku, rabin aikin ne, kuma rabin mai sauƙi. Ku tuna takin kara muka zuba, ni kuma ɗan lambu ne. Alayyafon da ya fito a filin nan ba a taɓa ganin irinsa a Potiskum ba. Ganye kamar tafin hannu, kore shar, a tsakiyar rani, a tsakiyar gari, ga mutane suna wucewa da yunwa. Kuma a gabansu muke tuge shi mu shanya mu kai daji mu ƙona. Babu abin da ba a so a jikinsa. Mata suna son ganyen, masu igiya suna son ɓawon ramar, awaki suna son duka. Akwai wata mai tuwo a bakin tashar, Iya Gana, wadda bangon rumfarta ya haɗu da shingenmu. Da ta ga ganye ya gagara sai ta koma roƙon tokar, wai ta tace ta sa a miyar karkashi. Kullum da safe sai ta leƙo ta ce min, "Adamu, ka ji tsoron Allah. Za a tambaye ka ganyen nan." Baba ya zauna a bencinta ya fi sau goma yana mata bayani. Ta ce ta ji, amma ita ba ta taɓa ganin wanda alayyafo ya kashe ba. Wahalar sana'ar ke nan gaba ɗaya. Darma ba ta kada mutum nan take. A hankali take cin jini, ta murɗa ciki, ta taɓa kan yaro ya tashi ba ya gane karatu, kuma ba wanda zai ce miyar shekara uku da suka wuce ce.

Muka kafa allo, Baba ya rubuta da Hausa da Turanci. Bai yi amfani ba, masu tsallakowa yawancinsu ba sa karatu, awaki kuma ko kallonsa ba sa yi. Ya zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu. Wannan ya jawo mana 'yan kallo. Daga nan muka raba gadi: yini muna tare, Lahadi ni kaɗai don yana coci, Juma'a da azahar shi kaɗai don ina masallaci.

Kuskuren da ya kusa kashe aikin, da kyakkyawar niyya aka yi shi. Baba ya roƙi Alhaji Bukar ya tara masa dattawan unguwa bayan la'asar a ƙofar masallaci, ya yi musu bayani su kai gidajensu. Ya yi ta neman yadda zai faɗa a taƙaice, sai ya ce, "Wannan ganye yana cin ƙarfe. Duk ƙarfen da ke cikin ƙasa, yana shanye shi." Na ga dattawan sun kalli juna sun gyaɗa kai a hankali. Baba ya dawo yana murna, wai yau an fahimce shi.

Kafin ranar kasuwa ta zagayo, gari ya ɗauka cewa a bayan tasha ana noma maganin ƙarfe. Komai ya dace da labarin. Ga ƙoƙon kai a allo, ga jan fenti a ƙota, ga rufe hanci, ga fita daji a ƙona a ɓoye. Kuma mai aikin baƙo ne daga cikin duwatsu. Direbobi suka fara zuwa, tunda mota ma ƙarfe ce, suna neman ko ganye ɗaya su sa a aljihu saboda haɗari. Mafarauta suka zo. Wani tela ya zo, wai allura ta dame shi. In na ce guba ce, sai su yi murmushi su ce ai magani mai ƙarfi haka yake. In na ce ba na sayarwa ba ne, sai su ce sun sani, su dai a taimaka. Duk ƙin da muka yi, tabbatar musu da zancen yake yi.

Sai wani maƙwabci ya kai mu ƙara wurin Bulama, wato mai unguwa. Ya jingina fartanyarsa a shingenmu ya shiga bayan gida, ya fito bai gan ta ba, ya ce ramarmu ce ta cinye. Baba ya tsaya a gaban Bulama ya yi bayanin saiwa da ruwa da ƙwayoyin da ido ba ya gani. Bulama mutum ne mai son adalci, ya ce ba zai yanke hukunci a kan abin da bai gwada ba. Ya ciro kwaɗon ƙofar shagonsa, sabo fil, ya zo da kansa da shaidu ya ajiye a gindin alayyafo, ya ce za a dawo bayan kwana uku. Na ce, ranka ya daɗe, sabon kwaɗo a filin da rabin tasha ta ga an ajiye? Ya ce in yi shiru, ni ake ƙara. Ran kwana na uku aka zo, babu kwaɗo. Bulama ya daɗe yana duban gurbin. Ya ce a ba mutumin fartanya, kuma daga yau kada kowa ya ajiye keke kusa da shingen nan.

Wannan duk a shekarar da man fetur ya yi wuya ne, wadda motoci suke kwana uku a layi. Mai a-kori-kurar da yake kai mu daji ya jingine motarsa. Busasshen ganye ya taru mana zubi biyu a ƙarƙashin tamfol, ga ɗanye ya isa tugewa. A lokacin ne Gambo ya fara zuwa. Mahauci ne, kuma shi ne Sarkin Tauri na ɓangarenmu. Ƙato, baƙi, mai sanyin magana. Da salla ko bikin mahauta za ka gan shi makaɗa suna binsa, yana goga wuƙa a ciki da wuya kamar mai yankan kabewa, ko ƙwarzane babu. Sau uku yana zuwa da girmamawa, yana durƙusa wa Baba. Ya ce shi ba don kansa ba, yaransa ne suke cewa an kawo abin da ya fi nasa, dole ya san mene ne. Baba ya ba shi kujera, ya yi masa darasin awa guda, ya sallame shi hannu wofi.

Wata Juma'a aka kira 'yan fansho tantancewa a Damaturu. Baba ya tafi tasha tun da safe, ni kuma da lokacin salla ya yi na roƙi Iya Gana ta sa min ido. Da na dawo na tarar an ɗaga shinge ta baya, fangali biyu an yashe su tas. Ina tsaye sai ga Baba da fayil ɗinsa a hamata, ashe bai samu mota ba, a tasha ya yini. Iya Gana ta ce yaran Gambo ne, su shida, da buhuna. Ta yi musu magana suka ce ta koma kan tukunyarta. Bayan mahauta suka nufa.

Tun daga nesa muke jin kiɗa. Mutane sun yi da'ira, har da mata da goyo. A tsakiya ga tukunya a kan murhu, ruwan ya yi kore, ƙwarya tana zagayawa tsakanin 'yan tauri. Gambo ya tuɓe riga, ya riga ya sha nasa, yana zagaye fili da doguwar wuƙarsa a sama. Na ce wa Baba sun mutu. Ya ce a'a, ƙwarya ɗaya ba za ta kada ƙato ba, kuma abin tsoron ke nan. Yanzu zai goga wuƙar nan kamar yadda ya saba, ba za ta kama shi ba, mutanen nan duka su ce ganyen ne. Gobe kowace uwa ta dafa wa ɗanta.

Ni ban ce Gambo ba shi da magani ba. Abin da na sani, ya san wuƙarsa, ita ma ta san shi.

Baba ya miƙa min fayil ɗin, ya kutsa. Tsoho ne ɗan ƙarami, da tabarau ɗaure da zare. Da ya isa tsakiya makaɗa suka sassauta don mamaki. Ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yar wuƙar da yake yanka reshe da ita in zai aurar da mangwaro, mai naɗewa, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Kullum da safe yake wasa ta a fata.

"Sarki," ya ce, yadda kowa zai ji, "wannan taka ta saba da kai. Tunda ganyena ka sha, gwada da tawa."

Jama'a suka ce wannan gaskiya ne. Wasu har da dariya, ganin ƙanƙantar wuƙar. Gambo ya karɓa. Mahauci ne, ba sai an gaya masa ba. Ya ɗora ta a bayan hannunsa ya ja kaɗan, gashi ya zubo kamar an hure. Ya daɗe yana kallon bakinta. Ya dubi yaransa, ya dubi taron. Sannan ya sunkuyo, ina kusa na ji abin da ya ce.

"Baba, me kake nema da ni?"

"Kada yaro ko ɗaya ya sha abin nan. Shi ke nan."

Gambo ya miƙe. Ya yi wa makaɗa alama suka ɗaga kiɗa, ya yi kirarinsa har ƙarshe bai rage komai ba. Ya ɗora wuƙar a damtsensa na hagu ya ja. Bai danna sosai ba, amma jini ya biyo har gwiwar hannu yana ɗiga. Kiɗa ya tsaya. Ya ɗaga hannun sama ya juya a hankali don kowa ya gani, sannan ya sa ƙafa ya hamɓare tukunyar.

Ya ce shekara talatin ƙarfe bai taɓa shiga jikinsa ba, gadon ubansa da kakansa. Yau ya sha ganyen nan, kafin ya sauka ciki ya karya masa komai. Wannan ba magani ba ne, makari ne. Duk mai laya ko guru ko wani abu da aka taɓa ba shi a ruwa tun yana jariri, ya kiyayi ganyen nan, ya kiyayi tokarsa, ya kiyayi inuwarsa.

Ban taɓa ganin taro ya watse da sauri haka ba. Yaransa suka koma gefe suna zura yatsa a maƙogwaro. Ragowar buhunan, kafin mu koma an riga an jefo mana su ta kan shinge.

Daga ranar muka samu lafiya. Direbobi suka daina bi ta layinmu, sai su zagaya ta bakin titi. Masu awaki suka ɗaure dabbobinsu, don an ce yana bin nono. Iya Gana ta matsar da rumfarta gaba, saboda masu cin tuwo sun ce tururin fangali yana shigowa. A garin nan ashe ba wanda ba shi da abin da yake tsoron a karya masa, har waɗanda suke wa'azi a kan haka. Baba kaɗai ne ransa ya ɓaci. Ya ce wannan ma ƙarya ce, zai koma wurin Bulama a tara mutane ya gyara zancen. Na tare ƙofa. Na ce, Baba, shekara biyu kana faɗin gaskiya ba ta tsare mana fangali ɗaya ba, ka bar wannan ta yi mana gadi. Sati guda bai yi min magana ba sai ta aiki. Bai je wurin Bulama ba, amma duk wanda ya tambaye shi, gaskiyar yake faɗa masa, mutumin ya gode ya tafi bai yarda ba.

Damina biyar muka yi a filin. Takarda ta ƙarshe, wadda ni da kaina na kai kwalbarta Maiduguri a cinyata, ta nuna darmar ta ragu, amma ba ta kai yadda yaro zai yi wasa a wurin ba. Ba mai iya karanta takardar nan sai Baba. Da ya ce wa Alhaji Bukar an gama, da an gama. Ya je ya same shi a ƙofar gida ya faɗa masa yadda take. Alhaji ya tambaya saura shekara nawa. Baba ya ce mai yiwuwa su biyun ba za su gani ba. Alhaji ya ce mai ƙaho ma sati biyu ya ɗiba. A satin ya turo magina suka malale filin da kankare daga bango zuwa bango, cikin kwana uku, ya mai da shi wurin ajiye tireloli. Gidan iyali ya gina a unguwar Yerimaram. Na zaci Baba zai ji ciwo. Ya zagaya kankaren yana dannawa da ƙafa, ya ce an zuba da kauri, ba yaron da zai tona wannan. Muka kwashe kayanmu.

Mun yi wasu ƙananan wurare bayan nan, bayan rumfar masu fentin mota, da wata tsohuwar marina. Ana cikin haka ciwon ƙafa ya dami Baba, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi gida. Ni na gyara injina na koma fadama, ƙasa mai kyau, ruwa mai kyau, sababbin kayan aiki. Ranar da na kai alayyafon farko kasuwa, na zauna daga safe har la'asar ba wanda ya taya. Mata su zo su ɗaga ganyen su yaba, su ɗago kai su ga fuskata, su ajiye su goge hannu a zane. Tumatir ma haka, albasa ma haka. Tun daga lokacin ƙanen matata ne yake kai min kaya kasuwa, yana cewa daga Nangere ya saro.

Mutum ɗaya ne yake saye a hannuna. Bayan na koma fadama da kamar wata biyu, ina ban-ruwa da hantsi, sai na ga mutum ya ɓullo ta cikin masara, ba ta hanya ba. Gambo ne. Ya gaishe ni, ya tambayi Baba, ya tsuguna yana duba fangali. Ya ce in ɗaure masa na miya biyu, in sa a baƙar leda. Na ɗaure. Ya cusa a cikin riga, ya waiga hagu da dama, ya ce in wani ya tambaya, ƙaiƙayi ya zo nema wa shanu.

Har ya juya zai shiga masarar sai ya tsaya, ya shafa damtsensa.

"In ka samu mai zuwa wajen tsohon nan," ya ce, "a tambayar min shi da me yake wasa wuƙar."